SU WANE NE MASU BINCIKEN ƘWAƘWALWA? DARASI DAGA WANI ƊAKIN BINCIKE NA ƘASAR NORWE

Takardar da aka gabatar a wajen babban taron ƙungiya na shekara-shekara



GABATARWA

Kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan ilimin kimiyya da makomar 'ya'yanmu. Wannan fage ne mai faɗin gaske, wanda in muka ce za mu zagaye shi duka, rana za ta faɗi ba mu kai ko'ina ba. Saboda haka muka ga ya fi dacewa mu tsaya wuri ɗaya, mu leƙa cikin ɗakin bincike guda ɗaya tak inda ake nazarin ƙwaƙwalwa, mu tambaya: su wane ne mutanen da ke aiki a ciki, daga waɗanne gidaje suka fito, me suka karanta, kuma me ya ja hankalinsu zuwa wannan aiki?

Dalilin wannan tambaya shi ne, da yawa daga cikinmu idan aka ce binciken ƙwaƙwalwa, sai mu ɗauka sana'a ce ta likitoci kaɗai, kuma ta 'ya'yan masu hali da suka tashi a manyan birane. Wannan zato yana da tasiri a kan shawarar da muke ba 'ya'yanmu, da kuma irin karatun da muke ganin ya cancanci a kashe wa kuɗi. Ɗakin da za mu leƙa yana birnin Trondheim na ƙasar Norwe, a arewacin Turai, kuma shi ne ɗakin da shugabanninsa biyu suka sami kyautar Nobel ta fannin likitanci a shekarar 2014.

TAMBAYAR DA AKE NEMAN AMSARTA

Kafin mu zo ga mutanen, ya kamata mu san abin da suke nema. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke aika wa juna saƙo ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki da wasu sinadarai. Tambayar da masu binciken Trondheim suka sa a gaba ita ce: ta yaya waɗannan ƙwayoyi ke sanar da mutum inda yake, su kuma nuna masa hanyar inda zai je?

Duk wanda ke wannan zaure ya san abin da ake nufi. Mutum zai shekara ashirin a Legas ko Fatakwal, ya sauka a tasha da tsakar dare ba wutar lantarki, amma ƙafarsa ta bi lungu-lungu har ta kai shi ƙofar gidan mahaifinsa. Makiyayi zai wuni a daji ya kuma koma ruga ba tare da ya tambayi kowa ba. Akwai taswira a cikin kai, kuma aikin waɗannan masana shi ne gano inda take da yadda ake zana ta.

MALAMIN DA YA FARA DA JIRGIN SAMA

Wanda ya fara buɗe wannan ƙofa shi ne John O'Keefe. An haife shi a birnin New York na Amurka a shekarar 1939, iyayensa baƙin haure ne daga ƙasar Ailan. Bai fara da likitanci ba. Ya fara ne da karatun injiniyan jiragen sama da yamma, yana aiki da rana a wani kamfanin ƙera jirage, daga baya ya bar wannan ya koma karatun ilimin halayyar ɗan Adam, ya gama digirin farko a 1963. Ya yi digiri na uku a Jami'ar McGill ta Kanada, sannan ya koma Landan a 1967.

Sanin da ya yi wa wayoyi da na'urorin lantarki bai tafi a banza ba, domin aikin nasa yana bukatar a dasa siraran wayoyi a ƙwaƙwalwar ɓera, a saurari ƙwaya ɗaya-ɗaya alhali ɓeran yana yawonsa. A shekarar 1971, shi da ɗalibinsa Jonathan Dostrovsky suka ba da rahoton cewa a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus akwai ƙwayoyin da ba sa motsi sai ɓeran ya isa wani wuri takamaimai. Wata ƙwaya tana aiki idan yana kusa da ƙofa, wata kuma sai ya je kusurwa. Ya kira su ƙwayoyin wuri. Abin da ya rage a sani shi ne daga ina waɗannan ƙwayoyi ke samun labarin da suke aiki da shi.

'YAR MANOMI DA ƊAN MAƘERIN KAYAN KIƊA

A nan ne mutanen Trondheim suka shigo. An haifi May-Britt a 1963 a Fosnavag, wani ƙaramin gari na masunta da ke kan tsibiri a gaɓar yammacin Norwe. Ita ce auta cikin 'ya'ya biyar. Gidansu na da 'yar gona da dabbobi, mahaifinta kuma kafinta ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalinta tun tana yarinya shi ne dabbobi, da son sanin dalilin da ya sa suke yin abin da suke yi. Shi kuwa Edvard Moser an haife shi a 1962 a wannan yanki dai, iyayensa Jamusawa ne da suka ƙaura zuwa Norwe, mahaifinsa yana sana'ar ƙera wani babban kayan kiɗa mai bututu da ake kira ogan. Shi ma ya tashi ne a ƙauyukan tsibiri, yana sha'awar duwatsu, musamman masu aman wuta.

Sakandare ɗaya suka yi, amma sai a Jami'ar Oslo suka san juna sosai, inda dukansu suka zaɓi karatun halayyar ɗan Adam. Sun yi aure a 1985, suka gama digirinsu a 1990. Burinsu shi ne su haɗa halayya da ƙwaƙwalwa, wato su ga abin da ke faruwa a cikin ƙwayoyi a lokacin da dabba ke koyo ko tunawa. Don haka suka je wurin Farfesa Per Andersen, wanda ya shahara a nazarin hifokamfus, suka nemi ya karɓe su. Sharaɗin da ya gindaya musu shi ne su gina wa kansu wurin gwaji: wani babban kwarmin ruwa da ake gauraya wa madara don kada a ga ƙasansa, a saka ɓera ya yi iyo har ya koyi inda aka ɓoye ɗan dandamalin da zai hau ya huta. Da hannunsu suka gina shi. Hausawa na cewa mai nema yana tare da samu. A ƙarƙashin wannan malami suka sami digiri na uku a 1995.

Daga nan suka je Edinbara wurin Richard Morris, wanda ya ƙirƙiro wancan gwaji na ruwa, suka kuma yi 'yan watanni a Landan wurin O'Keefe suna koyon yadda ake sauraron ƙwaya ɗaya. A 1996 jami'ar kimiyya da fasaha ta Trondheim ta ɗauke su aiki su biyun. Wurin da aka fara ba su wani ɗaki ne na ƙarƙashin ƙasa da aka gina tun asali don fakewa daga bama-bamai. Daga can suka fara.

YADDA AKA HAƊA HANNU

Wannan shi ne sashen da muke roƙon jama'a su saurara da kyau, domin a nan ne za a ga amfanin kowane fanni.

A shekarar 2002 suka yi wani gwaji: suka yanke ɗaya daga hanyoyin da saƙo ke bi a cikin hifokamfus, suna jiran su ga ko ƙwayoyin wuri za su ruɗe. Ba su ruɗe ba. Ashe labarin yana shigowa ne ta wata hanya dabam, kai tsaye daga wani sashe na maƙwabtaka da ake kira entoraina, wanda yake tamkar zaure ne ga hifokamfus, kusan duk saƙon da zai shiga sai ya bi ta cikinsa. To amma wannan zaure yana da faɗi, a wane ɓangare za a dasa waya? Wanda ya taimaka da amsa shi ne Menno Witter, ɗan ƙasar Holan, masanin ƙirar sassan jiki, wanda ya shafe shekaru yana bin diddigin yadda jijiyoyin wannan sashe suka haɗu da juna. Shi ya nuna musu ɓangaren sama, inda masu bincike na baya ba su mai da hankali ba. Daga baya, a 2007, ya taso daga Amstadam ya dawo Trondheim gaba ɗaya.

Ɗalibar da ta yi aikin dasa wayoyin ita ce Marianne Fyhn, wadda ta fito daga fannin ilimin halittu. Ana sakin ɓera a cikin akwati, a watsa masa ɓarɓashin cakulan don ya yi ta zagaye, kwamfuta kuma tana sa ɗigo a duk inda ƙwayar ta motsa. Sai aka ga kowace ƙwaya tana motsi a wurare da yawa, kuma wuraren kamar suna da tsari, amma akwatin ya yi ƙanƙanta a gane tsarin. Da suka faɗaɗa filin ya kai mita 2, sai abin ya bayyana: ɗigogin sun jeru a siffa mai kusurwa shida, daidai wa daida, kamar ɗakunan saƙar zuma. A 2005 suka buga wannan sakamako a mujallar Nature, sunan Torkel Hafting da na Fyhn suna kan gaba. Waɗannan su ne ƙwayoyin raga, domin kamar raga suke shimfiɗawa a kan duk filin da dabba ta shiga, su ba ta ma'aunin nisa da na alkibla, ko da a cikin duhu ne.

Da aka ga siffa irin wannan a cikin kan ɓera, sai magana ta koma hannun masu lissafi da masana fiziks. Alessandro Treves na birnin Trieste a Italiya, wanda asalin karatunsa fiziks ne, ya daɗe yana aiki da su wajen fassara abin da ƙwayoyin ke yi. Yasser Roudi, wanda ya karanta fiziks a Tehran ta Iran, ya jagoranci wani rukuni na masu lissafi a cibiyar. Emilio Kropff, shi ma masanin fiziks daga Ajantina, ya ƙera wata 'yar mota marar ƙasa wadda ɓera ke gudu a cikinta da ƙafarsa, shi kuma yana sarrafa saurinta. Da wannan dabara aka tabbatar a 2015 cewa akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne auna saurin tafiya. Kafin nan, a 2008, an gano wasu da ke motsi idan dabba ta kusanci bango ko iyaka. A 2022 kuma, tare da masana wani reshe na lissafi mai nazarin siffofi, suka saurari ɗaruruwan ƙwayoyin raga a lokaci guda, suka nuna cewa aikinsu a dunƙule yana zagaye ne a kan wata siffa mai kama da tubun taya, ko ɓeran yana farke ko yana barci.

Bayan waɗannan akwai waɗanda ba a cika jin sunansu ba: masu haɗa wayoyi da gyaran na'ura, masu rubuta manhajar kwamfuta, masu yanka ƙwaƙwalwa siriri-siriri don a duba a madubin ƙara girma, da masu kula da lafiyar ɓerayen. Ɓeran da ke cikin tsoro ko rashin lafiya ba ya ba da sakamako na ƙwarai, don haka mai share keji da mai ba da abinci suna da hannu a cikin kowace takarda da aka buga. Gaskiyar masu iya magana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 2014 aka raba kyautar Nobel gida biyu, rabi ga O'Keefe, rabi ga May-Britt da Edvard. Mu lura, kyautar ta fannin likitanci ce, amma a cikin su ukun babu likita ko ɗaya. Ko da auren biyun ya rabu a 2016, sun ci gaba da gudanar da bincikensu tare.

ƊAN ƘAUYEN DA BAI MANTA DA GIDA BA

Akwai wani mutum guda da bai taɓa riƙe ɓera a ɗakin ba, amma sunansa ne a kan ƙofa. Fred Kavli an haife shi a 1927 a wata gona da ke ƙauyen Eresfjord, a lardi ɗaya da su May-Britt. Ya karanta fiziks a Trondheim, ya tafi ci-rani Kanada, daga can ya wuce Amurka, inda ya kafa kamfanin ƙera ƙananan na'urorin aune-aune da ake sa wa jiragen sama da motoci. A shekarar 2000 ya sayar da kamfanin ya kafa gidauniya don tallafa wa binciken kimiyya. A 2007 gidauniyar ta ɗauki ɗakin binciken Trondheim, ya zama Cibiyar Kavli, shekara bakwai kafin kyautar Nobel ta zo. Ya rasu a 2013, bai ga ranar ba. Mu da muka bar gida muka tafi birane neman halaliya ba ma bukatar a fassara mana wannan labari.

INA RUWANMU DA ƁERAN NORWE?

Wani zai iya tambaya haka, kuma tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce, wancan zaure na entoraina yana daga cikin wuraren da cutar mantuwa ta Alzheimer ke fara lalatawa. Shi ya sa ɗaya daga alamominta na farko shi ne dattijo ya fita unguwar da ya haifu a cikinta ya kasa gane hanyar gida. Mu a nan sai mu ce ruɗewar tsufa ce, wani lokaci ma a jingina abin ga sammu, ko a zargi tsohuwa da maita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da cutar mantuwa a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari kuma suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Haka nan farfaɗiya, wadda ita ma cutar ƙwaƙwalwa ce, tana damun mutum kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a irin ƙasashenmu, alhali har kashi 70 cikin ɗari na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suka sami magani yadda ya kamata.

Mafi yawan abin da aka sani game da waɗannan cututtuka an samo shi ne daga nazarin Turawa. Idan ana son a san yadda suke kama mutanenmu, dole a sami masu bincike daga cikinmu, kuma an fara samu. Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin Nguru ta Jihar Yobe, ya karanta ilimin ƙirar sassan jiki a Jami'ar Maiduguri, ya yi digiri na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan cutar Alzheimer, sannan ya jagoranci kafa cibiyar bincike da horarwa a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda aka buɗe a 2021. Ashe ba sai an tsallaka teku ba kafin a ga irin ɗakin da muke magana a kai. Kuma ɗakin Damaturu, kamar na Trondheim, yana bukatar mai lissafi da mai kwamfuta da mai gyaran na'ura.

SHAWARWARI

Bisa abin da ya gabata, muna miƙa wa wannan taro shawarwari huɗu.

Na farko, mu daina auna darajar karatun yaro da kalmar likita ko lauya kawai. Yaron da bai sami gurbin likitanci ba aka ba shi fiziks, ko lissafi, ko ilimin halittu, ko halayyar ɗan Adam, kada a karɓe shi a gida kamar wanda ya faɗi jarrabawa. Duk wanda ke da niyyar tallafa wa ɗalibi, ya sa waɗannan fannoni a lissafinsa.

Na biyu, mu kula da abin da yaro ke so tun yana ƙarami. Yarinyar da ke wuni tana kallon awaki tana tambaya, da yaron da ke kwance rediyo don ya ga cikinta, a ba su amsa a maimakon tsawa. May-Britt daga garken gidansu ta fara, kuma da an cire ta daga makaranta tana 'yar shekara goma sha biyar, da ba mu ambaci sunanta a yau ba.

Na uku, waɗanda ke aiki a jami'o'i da asibitoci da kamfanoni a cikinmu su ware yini ɗaya a duk zuwansu gida, su shiga sakandaren garin nan su gaya wa yara abin da suke yi da hanyar da suka bi. Yaro ba ya burin abin da bai taɓa jin labarinsa ba. Haka kuma a girmama ɗaliban makarantun koyon sana'a da fasaha, domin babu ɗakin binciken da zai yi mako guda ba tare da su ba.

Na huɗu, dattijon da ya fara ɓata hanya, da yaron da ke faɗuwa, a kai su asibiti da wuri, a kuma kare musu mutuncinsu a cikin dangi.

KAMMALAWA

Mai girma shugaba, 'yan uwa, mun leƙa ɗaki ɗaya mun tarar da 'yar kafinta, da ɗan baƙin haure, da tsohon ɗalibin injiniya, da masana fiziks daga Iran da Ajantina, da masanin sassan jiki daga Holan, da kuɗin wani ɗan ƙauye da ya tuna gida. Kowannensu ya zo da abin da ya iya, tambaya ɗaya ta haɗa su. Garuruwan da shugabannin ɗakin suka fito ƙanana ne, kuma a lokacin da suke yara babu wanda zai nuna su ya ce ga masu kyautar Nobel. Sauran aiki ya rage gare mu, iyaye da yayye, mu duba yaran da ke gabanmu da irin wannan ido.